Ranar da Aka Kai Dada Gorimbe

Tibati, 6 ga Maris, 1977

Zuwa ga ƙanwata Salamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da maigidanki Mahamman da yara. Mu nan Tibati sai godiyar Allah. Kifin tafkin Mbakawu ya yi albarka bana, har banda ta fi ƙarfin mota ɗaya.

Dalilin takardar nan shi ne Dada Suzanne. Tun rasuwar Baba nake tunanin abin da ya kamata mu yi mata. Matar nan ta shayar da ke lokacin da mahaifiyarmu ta rasu ta bar ki cikin zanen goyo, ta raine ni, sannan ta yi jinyar Baba har ƙarshensa. Na tuna tana yawan zancen tsohon cocin ƙauyensu, Gorimbe, inda aka yi mata baftisma, kuma rabonta da can tun kafin a sami mulkin kai. Yanzu ga tsufa, ga ciwon ƙafa. Ya kamata ta je ta gani tun idonta na gani.

Jean direbana zai sauke banda a Garuwa ran Asabar ta makon jibi. Ran Lahadi da safe zai zo unguwarku ta Hausare ya ɗauke ku, ke da ita. Ki haɗa mata kayanta sosai, har da bargo da magungunanta, don hanyar ƙauye ba ta da tabbas. Kada ki damu da komai, na gama magana da Jean.

Ki gaishe da Mahamman, ki shafa mini kan Wada da Dela. Allah ya bar zumunci.

Yayanki,
Ishaku Ɗanmalam

Garuwa, 13 ga Maris, 1977

Yaya Ishaku,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ran Alhamis, kuma sai da na karanta ta na sake karantawa, don ban san kana da irin wannan tunani ba. Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Muna lafiya, sai zafin Garuwa da ka sani, wanda ko randa ba ta iya sanyaya ruwa.

Ka tambayi kowa ban da jikin Dada, to bari in gaya maka. Ƙafafun sun ƙara kumbura, in ka danna yatsa sai ramin ya zauna. Ba ta iya tashi daga tabarma sai an ɗaga ta. Da safe in na sallami Wada ya tafi lekol, wato makarantar boko, sai in ɗora ruwa in yi mata wanka a kan kujerar Baba ta tsakar gida, in shafa mata man kaɗanya, in wanke shimfiɗa in ta ɓata. Bakin dai yana nan yadda ka san shi. Jiya ta ce kununa ya yi ruwa kamar Binuwai da damina, ta ture kwanon, sannan da na juya baya ta shanye. Dela ce 'yar ɗakinta, kullum tana can tana tsefe mata furfura, su yi ta faɗa da Fulatanci.

Da na gaya mata maganarka, ta ɗago kai ta dube ni. Can ta ce, "Ishaku ne ya ce?" Na ce shi ne. Ta ce in sauko mata da akwatinta daga kan kabad. Tun ranar take ninke zannuwa tana warwarewa. Har tsohuwar tukunyarta ta ƙarfe ta ce a wanke a ɗaure. Na ce, "Dada, yini ɗaya fa za mu yi." Ta ce in bar ta da kayanta.

Ni kam ban taɓa taka ƙofar coci ba, kuma Aisatu maƙwabciyarmu ta riga ta fara taɓe baki. Na ce mata uwata zan raka. Baban Wada bai hana ba, har ma ya ce zai yanko mana tsoka mai kyau mu kai wa mutanen ƙauyen. Jikina ya ɗan yi nauyi kwanan nan, amma zan iya hanyar.

Ka gaishe da iyali. Sai na dawo zan ba ka labari.

Ƙanwarka,
Salamatu

Garuwa, 22 ga Maris, 1977

Yaya Ishaku,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka don Baba ya koya mana gaisuwa, ba don raina yana so ba. Mun je Gorimbe, mun dawo. Mu biyu muka je, mu biyu muka dawo. Na san Jean ya riga ya gaya maka, amma za ka ji daga bakina.

Mun wuce Pitowa ana cin kasuwa, muka bar kwalta muka shiga hanyar duwatsu. Dada na gaba tsakanina da Jean, kowane rami sai ta cije leɓe. Ƙauyen da ta sani babu shi. Mutane sun koma bakin hanya tun tuni, sai kangaye da kukoki. Cocin ne kawai ya rage a gindin dutse, ginin ƙasa, rabin rufin kwano mai tsatsa, rabi ciyawa. Ƙararrawarsu wani tsohon ƙarfen tayar mota ne da aka rataye a tsamiya. Wani dattijo mai suna Émile, shi ne mai ja musu addu'a, ya fito yana buga ƙarfen da dutse. Waɗanda suka taru ba su kai goma ba, kuma babu wanda kansa bai yi fari ba.

Niyyata in tsaya a bakin ƙofa. Amma Dada ba ta taka ƙasa sai a jikina, don haka na cire takalmi na shiga da ita. Ciki da sanyi, da warin jemage, zanzaro sun yi gidaje a bango. Bencinansu na ƙasa ne. Na zaunar da ita, ta fara zamewa gefe, sai na zauna kusa da ita ta jingina. Suka ɗauki waƙa da yarensu. Yaya, shekarata talatin da wani abu a gindin matar nan, ban taɓa jin ta yi magana da yaren ba. Sai ga shi tana rerawa, ba ta manta ko kalma ba, muryarta har ta fi ta Émile. Wata tsohuwa ta juyo ta ƙura mata ido, ta kira ta da wani suna da ban taɓa ji ba, suka riƙe hannun juna.

Da aka tashi ta ce in kai ta bayan ginin. Akwai tarin duwatsu jere a cikin busasshiyar ciyawa. Ta nuna wani ƙarami, ta ce, "Lucienne ce nan. Nononta kika sha." Ka san tana da 'ya? Ni ban san sunanta ba sai ranar. Ta sa na cire ciyawar da hannuna, ta zauna a ƙasa tana jera duwatsun da suka gangaro. A lokacin har addu'a nake maka a zuciyata, ina cewa Allah ya yi wa Yaya albarka da ya kawo mu.

Muna zagayowa sai na ga Jean yana sauke kaya daga bayan mota. Buhunan dawa, da galan na mai, da bokiti, da sabuwar katifa ko ledarta ba a cire ba. Na ce, "Jean, wannan fa?" Ya ƙi kallona. Émile ne ya matso da Hausarsa ta kasuwa, yana murmushi, ya ce, "Ɗaki ya shirya, madam. Alhaji Ishaku ya aiko tun wata ya wuce. Mun share, mun yayyafa ruwa."

Ya nuna mini ɗakin. Wata bukka ce a gefen cocin inda suke ajiye gyaɗa, ƙofarta sai ka durƙusa. Na tambaye shi wa zai ɗaga ta. Ya ce matarsa. Na ga matar, Yaya. A dunƙule take kamar lauje, da sanda take zuwa bayan gida. Na tambayi ruwa, ya nuna mini can ƙasan kwari. Na tambayi lopital, wato asibiti, ya yi dariya. Ba laifinsu ba ne, mutanen kirki ne, abin da suke da shi suka bayar.

Da na waiwayo, Dada ta riga ta sa Jean ya zaunar da ita a kan katifar, tana kwance ɗaurin tukunyarta. Ta ce mini, "Ki tafi, rana na yi, yara na jira." Na ce, "Dada, kin sani?" Ta ce, "Wa ke ɗaukar bargo a wannan zafi don yini ɗaya?" Wato mako guda tana ninke zannuwa a gabana, ta san inda za a kai ta, ni kuwa ina ta murna ina yabon yayana.

Na ce wa Jean ya mai da kaya. Ya ce patron, wato kai, ya ce. Na zauna a ƙofar bukkar na ce to ya bar mu mu biyu, ya je ya gaya wa patron da Baban Wada inda za su same ni. Muka yi ta zama har inuwar tsamiya ta juya. Daga ƙarshe ya ɗauki Dada ya sa a mota, yana ƙunƙuni da Faransanci. Dawar da man na bar wa su Émile. Katifar na taho da ita, a kanta take kwance yanzu.

Abin da ya fi ƙona mini rai, da hannuna ka so in yi. Ka sa ni na yi mata wanka, na sa mata zanen salla, na ɗauke ta na kai, don in ta tuna wanda ya yar da ita ta tuna fuskata. Matar da ta yi shekaru tana kwashe kashin ubanka lokacin da kake Tibati kana aiko gaisuwa. Ka tambayi malaman da kake zama da su matsayin wadda ta shayar da mutum. Ni uwata ce, ko tana zuwa coci ko ba ta zuwa.

Ka huta lafiya.

Salamatu

Tibati, 30 ga Maris, 1977

Zuwa ga Salamatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na sami takardarki. Ban taɓa zaton akwai ranar da za ki yi mini magana da irin wannan harshe ba, amma na bar shi a kan zafin rai. Ki karanta wannan a natse.

Ba yar da Dada na yi niyya ba. Na shirya duk wata Jean ya kai mata abinci da magani. Mutanenta ne, yarenta ne, addininta ne. Ke da kanki kin ce ba ki taɓa jin muryarta kamar ranar ba. Kin taɓa tunanin ranar da za ta cika a gidanmu? Wa zai yi mata wanka, wa zai yi mata addu'a irin tasu, a ina za a sa ta? Maƙabartarmu ba za ta karɓe ta ba, kin sani. Ko so kike gawarta ta yini a tsakar gida muna neman wanda zai ɗauka?

Tunda kin kai ni bango, ga sauran. Ba ni na fara maganar nan ba. Mahamman ne ya same ni a kasuwar shanu ta Ngaundere tun kafin Mauludi. Mutumin da ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai ba, ya zauna a gabana kansa a ƙasa. Ya ce bara, lokacin da kika yi ɓari, kina ɗaga Dada daga wanka ne jini ya tsinke miki. Ya ce likita ya gargaɗe shi cewa in aka sake, ba ciki kaɗai za a rasa ba. Ya ce yanzu ga wani rabon, kuma kullum yana mayanka hankalinsa na gida. Ya yi miki magana kin ƙi ji. Ni duk wannan ba ki gaya mini ba, sai labarin kunu.

Mahaifiyarmu a kan haihuwa ta tafi. Ke ba ki san ta ba, ni na san ta. Ina tsaye a zaure aka fito da ita. Ba zan zauna in ga an fito da ke ba don kina jin kunyar cewa kin gaji.

Kin ce me ya sa aka ɓoye miki. Da an gaya miki, da kin shiga motar? Ni ne babba, na yanke abin da na ga ya fi, kuma har yanzu ban ga na yi kuskure ba. Jean zai sake zuwa Garuwa cikin wata mai kamawa. Ki yi tunani kafin nan.

Ki gaishe da yara. Allah ya sauke ki lafiya.

Yayanki,
Ishaku Ɗanmalam

Garuwa, 8 ga Afrilu, 1977

Yaya Ishaku,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, ina fata kuna lafiya. Na gode da ka gaya mini da wa aka ƙulla.

Ranar da takardarka ta zo, na bari Baban Wada ya dawo daga kasuwa, ya yi wanka, ya ci abinci. Sannan na ajiye masa ita a kan tabarma. Ba ya karatun boko, amma ya gane. Na ce, "Naman da ka yanko mana mu kai ƙauye, na sallama ne?" Ya ture takardar gefe. Can ya ce, "An ce in zaɓa, na zaɓe ki." Na ce, "Wa ya ce ka zaɓa? Ku biyu maza, ɗaya na kayar da bijimi shi kaɗai, ɗaya na da mota da yaran aiki, kuka zauna a Ngaundere kuka rasa dabarar ɗaga tsohuwa daga tabarma sai a kai ta ɗakin gyaɗa?"

Ya ce surukarsa ce, yaya za a yi ya taɓa ta. Ka san tun aurenmu ko ido ba ya haɗawa da ita, in tana tsakar gida ta bayan rumbu yake bi. Na ce kunyar da ta hana ka ɗaga ta ba ta hana ka korar ta ba. Muka kwana biyu ba ma magana. A rana ta uku, kafin ya fita mayanka, sai na ji sallamarsa a ƙofar ɗakinta. Ya shiga kansa a juye, ya ɗauke ta kamar jaririya, ya kai ta kan kujerar wanka, ya fice da sauri har ya bar hularsa. Dada ta bi shi da cewa yana warin kayan ciki. Tun ranar shi ke ɗagawa safe da yamma, ni nawa sabulu da ruwa. Ban ce na yafe masa ba tukuna, amma ina zuba masa miya da nama.

Maganar jikina gaskiya ce, kuma na ji abin da ka faɗa game da mahaifiyarmu. Ban san kana zaure ranar ba. Amma da tsoron da kake ji ne ya motsa ka, da ni za ka rubuto wa, ka ce Salamatu me kike buƙata. Da na ce maka hannu nake buƙata.

Maganar gawa kuwa, na sa mayafi na je cocinsu na nan cikin gari, na yi sallama. Wata mata mai suna Christine, ma'aikaciyar lopital, ta saurare ni. Ta ce in ranar ta zo, a aiko, matansu za su zo su yi komai. Har ta zo da kanta ran Talata ta duba ƙafafun, ta ce a rage mata gishiri. Abin da ya hana ka barci ke nan, tambaya ɗaya ta gama shi. Dada ta ce a kusa da Lucienne take so a sa ta. To ranar sai ka aiko Jean, ba kafin nan ba.

Abin da ban iya gyarawa ba shi ne wanda ka ɓata. Tun da muka dawo ba ta cin abin kirki. Ta daina faɗa da Dela. Akwatin yana nan a ɗaure a gefen katifa, ta hana a mai da shi kan kabad. Da, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta ce a duba ko Ishaku ne. Yanzu in ta ji mota sai ta jawo ɗankwalinta ta ɗaura, ta zauna tana jira. Jiya na ce mata babu inda za ta, sai ta ce gidan na Ishaku ne, ba nawa ba.

Yau da safe ta ce in ɗauko takarda, tana da magana da kai. Ga ta nan na haɗa da tawa. Yadda ta faɗa na rubuta.

Ka gaishe da iyali.

Ƙanwarka,
Salamatu

Ishaku,

Ni ce, Dada. Ina gaishe ka, ina gaishe da matarka da yara. Salamatu ke rubutawa, na ce kada ta gyara mini magana.

Na ga cocinmu, na ga 'yata. Useko, na gode, Allah ya biya ka.

Ban yi fushi don kana so in tafi ba. Tsoho nauyi ne, na ɗauki ubanka, na sani. In zamana zai cuci Salamatu, ni ma ba na so. Abin da na yi fushi da shi, Jean ka aiko.

Ka zo da ƙafarka. Ka zauna a gabana, ka dube ni, ka ce Dada ki tafi. In ka iya faɗa, zan shiga mota, kuma Salamatu ba za ta hana ni ba. In ba ka iya ba, sai ka ci tuwo ka koma.

Allah ya tsare hanya.

Dada Suzanne